Buhun Ƙurar Kawu Rabe

A gyara zama, a rage ƙarar rediyo, masu cin goro su dakata da tauna. Yau zan gabatar muku da Rabe ɗan Ishaq, Sarkin Kafintocin Bayan Tashar Anka, Garkuwan Ƙofa da Taga, mai kujerar da ba ta taɓa kayar da kowa ba sai wani dillalin taki da ya fi ƙarfinta. Ni na naɗa shi sarautar, kuma har yau bai sani ba. Ƙanen Innata ne. Ni kuwa sunana Ɗantani. Na bar sakandare a aji huɗu saboda ni da lissafi mun kasa jituwa, na yi kabu-kabu, na yi cajin waya, na yi kiwon kaji na wata uku, kajin ba su ji daɗin zama da ni ba.

Kawu ba da zarto ya tashi ba. Manomi ne a Tungar Daji, da zinare ya ɓullo ya shiga kamar kowa. A tsakar gida suke daka dutsen zinaren su niƙa shi, nan inda ake girki, nan inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. A shekarar 2010 yara suka fara sanƙarewa suna suma, Saude, 'yarsa ta fari, tana cikin waɗanda aka binne. Shekararta biyu. Ni ina da takwas a lokacin, abin da nake iya tunawa shi ne mutane masu takunkumi suna kankare ƙasar gidaje suna ɗurawa a buhuna. Da aka gama, Kawu ya ɗauki matarsa Barakatu suka dawo Anka. Ya zauna wajen wani kafinta shekara huɗu yana koyon aiki, da gemunsa, yaran shagon suna aikensa sayen ƙusa.

Zauren gidansa shi ne shagonsa, kuma zauren yana da dokoki. Ba ya shara sai ya yayyafa ruwa. Rigar aiki tana da ƙusarta a bango, ba ta taɓa ganin tsakar gida ba. Idan mai haƙar zinare ya zo a yi masa gado, a waje ake ciniki, takalminsa ba ya tsallake dokin ƙofa. Duk abin da ya taɓa wurin niƙan dutse, ko buhu ne, ko bokiti, ko guntun igiya, ba ya shiga gidan. Mutane suna yi masa dariya, ni ne kan gaba. Nakan ce Kawuna ne kaɗai mai yi wa ƙura wanka kafin ya sallame ta.

Bara ya sayi injin goge katako da ɗan janareta, aiki ya yi sauri, amma sai ga abin da bai yi tsammani ba. Aikin hannu yana zubar da gari mai nauyi, ya faɗi ƙasa ka share. Shi wannan injin garinsa ya fi na tuwo laushi, yana tsayawa cikin iska, ya bi ta ƙofar cikin gida ya sauka kan randa da faifai. Autarsa Zulai, mai shekara uku, ta fara tari. Rana ɗaya Kawu ya kashe injin ya lulluɓe shi da tabarma. Mako biyu yana goge kayan ɗakin wata amarya da hannu, uban amaryar yana sintiri a ƙofa.

A nan ne masani ya shigo, wato ni da wayata. Na ce a ɗaura fanka a taga ta hure ƙurar waje, an gama magana. Kawu ya leƙa tagar. A ƙarƙashinta maƙwabciyarsa Habsu ke suyar waina, 'ya'yanta suna zaune gefen tanda. Ya ce tarin Zulai da tarin 'ya'yan Habsu duk tari ne. Na kawo zancen injin shara mai zuƙar ƙura, irin wanda ake sayarwa a Gusau. Ashe ya riga ni, ya tambayi wani abokinsa Sharu da ke da shi. Cikin injin ƙarami ne, kafin ka goge ƙofa ɗaya ya toshe, kuma takardar da ke tace ƙurar ba a samunta a Anka.

Daga baya na ci karo da bidiyon wani Bature mai jan gemu. Fanka mai ƙarfi tana zuƙo ƙurar ta tiyo, mai nauyin ta faɗa cikin durom, mai laushin ta wuce cikin buhun yadi, iska ta fita ta jikin yadin ta bar ƙurar a ciki. Kawu ya kalla sau uku, ko kalma ɗaya bai ji ba, amma ya zana abin a jikin guntun katako. Ya ce buhun sai mai kauri, na leda ba zai riƙe ba. Ya tura ni Gummi wajen masu injin casar shinkafa, in samo tsohuwar fankar da ke hure ƙaiƙayi, da durom, da buhu. Sau biyu ya maimaita mini cewa daga wajen masu shinkafa.

Kafin azahar fankar tana hannuna. Sai na haɗu da tsofaffin abokan kabu-kabu, muka gangara bakin gulbi cin soyayyen kifi, daga can muka shiga gidan kallon ƙwallo. Da na fito mai durom ya tashi, direban motar Anka kuma yana ta danna oda, don ba mai son yamma ta same shi a wannan hanya. Na dawo Anka da fanka kaɗai, na ɓoye ta a ɗakina. Kunyar Kawu nake ji, don ya sha faɗa wa Innata cewa yaron nan yana da kai, zama ne ba ya iyawa.

Washegari da sassafe na je wajen abokina Salim, mai aiki a wurin niƙan dutsen zinare a bayan gari. Ya ba ni durom da wani buhu mai kauri, daidai irin wanda Kawu ke so, kyauta. Na ɗauraye durom ɗin a rafi, buhun na tsoma shi sau ɗaya na kaɗe na shanya. Na san dokar, ba zan ce na manta ba. Na faɗa wa kaina cewa ruwa ya wanke, kuma tsoron Kawu tsohon tsoro ne.

Da na sauke kayan a zaure Kawu ya shafa buhun ya ce, "Na masu shinkafa ne?"

Na ce har 'yar shinkafa na tarar a gindinsa na zazzage. Wannan ƙarin ba wanda ya roƙe ni, bakina ne ya kawo shi.

Abin ya yi aiki, kuma da bai yi ba da ya fi mini. Ana tada janareta buhun ya kumbura ya miƙe tsaye, na raɗa masa suna Alhaji Tumbi. Iskar zauren ta washe. Tarin Zulai ya ragu, Inna Barakatu ta aiko mini da fura har da nono mai kauri. Kafintoci biyu suka zo kallo, na tsaya ina bayani da Turancin da ban gama koya ba. Kawu ya saki jiki har ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya bar Zulai ta riƙa zama a zaure yana aiki.

Ran kwana shida na shigo na same ta tana wasa da Alhaji Tumbi. Takan mare shi da tafin hannu, ɗan hayaƙin ƙura ya tashi, ta ƙyalƙyale da dariya, ta sake mari. A ɗaya hannun tana riƙe da wainar Habsu, tana ci tana lasar yatsu. Na tuna inda buhun ya fito. Na ɗauke ta na ce injin da zafi, na kai ta cikin gida na wanke mata hannu. Na dawo na tsaya bayan Kawu, maganar tana bakina. Ya juyo ya ce in miƙo masa guduma, na miƙa masa na fita. Kwana uku ban zo ba, na aika cewa zazzaɓi nake.

A rana ta tara ya aiko in zo. Na tarar da shi a ƙofar gida ya juya cikin buhun waje, gabansa akwai kwano da ruwa. Ya kankaro abin da ya maƙale a bakin ɗinkin ya zuba. Garin katako ya taso sama. Wani gari mai duhu, jaja-jaja, ya nutse ya kwanta a gindin kwanon. Ya juya kwanon a hankali yadda masu wankin zinare ke yi, hannunsa bai manta ba.

Ya ce, "Ɗantani, wanga ba garin icce ba ne. Ina kas samo buhun?"

Na faɗa masa duka, har kifin da ƙwallon. Na so ya mare ni. Bai ko ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ya yi, kwana nawa Zulai ta yi tana taɓa shi. Na ce na gan ta ran kwana shida. Ya ƙirga da yatsu daga shida zuwa tara, ya dube ni, ya shiga gida. Ina jin lokacin da ya faɗa wa Inna Barakatu. Ba ta yi kuka ba. Ta fito da Zulai a goye, ta wuce ta gabana kamar ba kowa a wurin, suka nufi asibiti a ɗibi jininta.

Kwana biyu aka yi ana jiran sakamako. A cikinsu muka jiƙa buhun da durom ɗin muka kai bayan gari muka binne. Muka wanke bango da katako da kowane zarto. Kawu ya sayo sabon yadi mai kauri tela ya ɗinka buhu a gaban idonsa, ya ce wannan karon a bayan katanga za a kafa shi, cikin rumfa mai ƙofa, tiyo kaɗai zai shigo zaure. Duk wannan aikin bai yi mini maganar da ta wuce riƙe nan, kawo can ba.

Ranar da suka dawo daga asibiti ina tsugune a zaure mun fara kankare ƙasar daɓen. Kawu ya ce an ga dalma a jinin Zulai, ba ta kai a ba ta magani ba, amma sai an koma bayan wata ɗaya a sake aunawa. Na miƙe tsaye, hawaye suna zuba, na fara jawabi. Na ce na tuba, na ce zan sayar da wayar, na ce da ana musaya da na ba Zulai jinina duka na karɓi nata.

Ya ce, "Naka jinin ma sai an auna, kai kad ɗauko buhun. Ɗauki shebur."