Layar Zanan Dattijon Maraɗi

Har yau in aka ɗauko labarin nan a majalisa, raina ɓaci yake yi. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin muna da wani dattijo ɗan Maraɗi, mai sayen wandunan jins a garin Xintang yana aikawa gida. Baba muke ce masa. Babu irin labarin da ba a ƙaga a kansa ba. Wai da hanci yake gane yadin da zai koɗe. Wai a Sinanci kaf bai san komai ba sai "meyo", wato babu, kuma da ita kaɗai yake karya farashi. Babban cikinsu, wai yana da layar zana, in ya ga dama sai ya ɓace. Shi dai murmushi kawai yake yi.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a Sin aka tsananta duba takardun baƙi, ga bizarsa ta ƙare. Wata Alhamis da hantsi masu dubawa suka shiga masaukinsa a wajen unguwar Guangyuan. Suka tarar da shayinsa da zafi, takalmansa a bakin ƙofa, babu mutum. Kafin la'asar labari ya gama kasuwa: Baba ya ɓace! Ana ta tafawa ana ƙyaƙyatawa.

Na ce, "Jama'a, wayarsa fa ba ta shiga. Mu neme shi."

Wani ɗan Kano ya ce mini, "Haba Malam, bar tsoho da abinsa. Ƙila yanzu haka yana Maraɗi yana shan fura."

Manyan mutane fa, masu gemu, masu loda kwantena! Wallahi ji na yi kamar in kifa masa mari.

Washegari bayan an sauko Juma'a na tafi masaukinsa ni kaɗai. Wata tsohuwa 'yar Sin mai shara ta ja hannun rigata zuwa bayan ginin. Ita ta tsinci Baba a nan, tana ba shi ruwa a murfin gora. Ashe ta taga ya diro, ya faɗa tsakanin bango da tulin kwalaye, ƙugu ya karye, karayar da bai ƙara takawa ba. Nan ya wuni ya kwana, yana tsoron ɗaga murya kada a kama shi. Leɓɓansa duk sun tsage.

Na durƙusa na tallafo kansa. Ya leƙa bayana, ya ce, "Ɗana, ina sauran?"

Na ce masa suna hanya. Babu wanda ke hanya.