Injin Baballe Ya Rasa Murya

A Zinyau ba a tambayar ko Baballe ya buɗe, kunne ake kasawa. Da hantsi ya fara ɗagawa sai a jiyo daga can bakin hanyar Rano, tuf, tuf, a ɗan yi shiru kamar tsoho na gyaran murya, sannan tuf-tuf-tuf ya miƙe. Matar da ke wanke-wanke a ƙarshen gari sai ta ce wa ta kusa da ita, "Ya tashi." Ba ta faɗin wane. Nan da nan a hau fito da dawa da masara da jiƙaƙƙen wake.

Sunansa na yanka Abdurrahim, sunan kakansa ne, shi ya sa aka ɓoye shi da Baballe. Gajere ne kakkaura, girarsa da gemunsa kullum fari fat da gari, har babu wanda zai iya cewa ga lokacin da furfurar gaske ta shigo. Da ƙuruciya ya yi yaron mota, suna lodin albasa daga Rano zuwa birni, a nan ya koyi gane ciwon inji da kunne kafin a kwance ko noti guda. Da mahaifinsa ya gaza, sai ya dawo gona. Ya sayo wani tsohon injin niƙa mai shan man gas a Kibiya, ya kafa masa rumfar kwano a bakin hanya, ya auri Murja. A kan injin nan ya ciyar da 'ya'yansa har ya aurar da su, bai taɓa kafa allo ba, bai taɓa aika shela ba.

Sai gas ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Baballe ya ƙara kuɗin niƙa, ya sake ƙarawa, har ya fara jin nauyin kallon matan da ke kwance bakin zane a gabansa. Rannan ya lulluɓe injin da buhu, ya koma gida. Zinyau ta yi shiru. Masu ƙarfi suka koma turmi, wasu suka riƙa bin hanyar bayan gari suna kai niƙa Madachi. Abin da ya fi damunsa shi ne kada su saba da can, ranar da ya samu hali ya buɗe ya tarar babu mai jiransa.

Yana kishingiɗe da rediyo a ƙirji wata rana ya ji ana hira kan yadda ake juya manyan tashoshin wutar lantarki daga mai da iskar gas zuwa kwal. Bai gane rabin bayanin ba, amma ya riƙe abu guda: inji yana iya sake abinci. Washegari ya hau keke sai Rano, wurin abokinsa Muntari mai walda.

"To kai kwal ɗin ina za ka haƙo shi?" in ji Muntari, yana ɗaga baƙin gilashinsa. "A gonar gyaɗarka?"

"Gawayi ai ƙanin kwal ne."

"Ƙani dai, amma ba uwa ɗaya ba."

"Uba ɗaya ma ya ishe ni."

Muntari ya yi dariya, amma ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa. Ashe ya taɓa ganin irin haɗin a waya. Ganga guda ce ake cika ta da gawayi, a hura wuta a rage mata iska, sai gawayin ya riƙa fitar da wata iska mai kamawa da wuta. A bi da ita ta bututu ta huce, a tace ta a wata gangar mai ɗauke da garin katako, sannan a kai ta inda injin yake shaƙar iska. Gas ɗin ba a rabuwa da shi gaba ɗaya, amma sai ya zama ɗigo-ɗigo, kamar man shanu a kan tuwo.

"Gangar nan a waje za ta zauna, inda iska ke kaɗawa," in ji Muntari. "Abin da take fitarwa ba ya wari, amma yana kwantar da mutum. Ban shirya rasa mai saya mini goro ba."

Sun daɗe suna fama. Yau injin ya yi tari ya mutu, gobe bututu ya toshe da baƙin kwalta, jibi hayaƙi ya turnuƙe har awakin maƙwabta su bar wurin. Mutanen gari suka saba ganin hayaƙi a rumfar Baballe, su ce gwajin ne har yanzu. Habu mai shayi kuwa ya samu abin yi. "Yanzu mata sun huta," yake ce wa majalisa. "Ba sai tukunya ta kama ba, tun daga wurin Baballe tuwo zai zo da ƙaurinsa." Baballe ya taya su dariya, amma maganar ta zauna masa.

Daga baya abin ya daidaita. Suka gano gawayin totuwar masara ya fi tsabta, ga ta nan zube a kowane gida ana ƙonawa a banza. Ranar da suka kammala, Muntari ya zo da wata salansar tsohuwar mota a bayan babur, ya liƙa ta a bakin bututun hayaƙin injin.

"Wannan kyauta ce. Shekara da shekaru abin nan yana dukan kunnenka, sai an yi maka magana sau biyu kake amsawa."

Suka tayar. Injin ya hau juyi sumul, yana wani ɗan gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi. Baballe ya tsaya yana murmushi, yana jiyo har kukan kurciya a kan darbejiya.

Da safe ya share rumfa, ya hura gawayi, ya tayar da inji, ya zauna a kan benci. Hantsi ya wuce, azahar ta yi, babu ko ƙwarya guda. Washegari ma haka. Sai ya tuna maganar Habu. Ya ɗebo masarar gidansa ya niƙa, ya sansana, ya lasa, bai ji komai ba sai masara. To amma shi wa zai bi gida-gida yana cewa a zo a sansana? In ya koma gida Murja ta kawo masa ruwa da abinci, ta ce sannu da aiki, ba ta ƙara komai. A zatonsa ta ji abin da mata ke faɗa, tana rufa masa asiri ne.

Ana haka sai ga Iya Tani, ƙanwar kakarsa, tsohuwa mai sayar da ƙosai, wadda tun yana cikin zanen goyo take kiransa mijinta. Ƙwaryar wake na kanta, sanda na hannunta.

"Maigida, za ni Madachi ne, na ce bari in ratso in yi maka jajen mamacin." Sai ta tsaya, ta ƙura wa belin injin da ke juyi ido. "Wannan kuma mene ne yake motsi?"

"Inji ne, Iya. Kwana nawa yana aiki."

"Yana aiki a ina? A mafarkinka?"

"Ga shi kina gani. Na san dai an ce muku garin zai yi ƙauri."

"Wa ya ce? Habu? Wanda shayinsa ke warin kananzir?" Ta sauke ƙwaryar da kanta, ta matso, ta karkata kunne wajen injin. "Me kuka ba shi ya sha? Yana raɗa kamar amarya a gaban surukai."

"Salansa ce Muntari ya sa."

"To mu a cikin gida da me za mu sani? Wahayi za a yi mana? Jiya maƙwabciyata Mas'uda ta daka dawa har hannunta ya yi kanta, kai kana nan zaune kai da bebenka. Tun da ka kafa rumfar nan ka taɓa ganin an zo ba a ji kira ba?"

Baballe ya dubi injin, ya dubi tsohuwar. Sannan ya tashi ya kashe injin, ya ɗauko sifana, ya naɗe hannu da tsumma saboda zafi, ya kwance kyautar Muntari. Da ya sake murɗa hannun tayarwa sai aka ji tuf, tuf, ɗan shirun nan, sannan ya miƙe. Muryar ta ɗan yi kauri fiye da da, kamar wanda ya tashi daga mura, amma ita ce.

"Yawwa," in ji Iya Tani. "Yanzu na gane mijina. Zuba mini waken, kuma ni ce farko, kada wata ta zo ta ce ta riga ni."

Ba a gama waken ba ƙore suka fara jeruwa a bakin rumfa. Da ya koma gida bayan la'asar, Murja ta tare shi a tsakar gida tana dariya.

"Malam, ashe ya tashi. Kullum ina kasa kunne in ji shiru, sai in ce ya sake ƙi, kada in tambaya in ƙara maka."

"Ni kuma ina cewa ke ma tsoron ƙaurin kike."

"Ƙaurin me? Garin da ka kawo shekaranjiya ai shi muka ci, na zaci Madachi ka aika."

Yanzu matan Zinyau in za su aiko da niƙa sai su haɗo da ɗan buhun totuwa, shi kuma ya sassauta musu. Gas jarka guda yana kai shi inda da ba ya ko mafarki. Salansar tana nan rataye a jikin dirkar rumfa, wasu tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki. Duk ranar da Muntari ya biyo sai ya nuna ta ya ce an wulaƙanta masa kyauta, Baballe kuma ya kama kunne ya ce, "Me ka ce?" sai Muntari ya maimaita da ƙarfi, su zauna su raba goro.