Muryata a ajin Amna

Jama'a, ku ji abin mamaki! Jiya na kulle wayar jikata Amna a akwati, na hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa makarantarsu in ga wane karatu ake yi da waya.

Ina shiga aji sai ga muryata a lasifika! Labarin yadda uwata ta tako daga Haɗeja har nan Umdurman. Ashe ja'irar ta naɗa ta tura wa malamarsu! Yara tsit, suna rubutawa a littafi.

Malama ta ce, "Habboba," wato kaka, "naɗin ya yanke a rabin hanya. Ƙarasa mana da baki."

Na ce, "To kowa ya zauna daidai!"

Har aka tashi ba mu iso kogin Nilu a labarin ba.

Yau da safe na buɗe akwati. Na miƙa wa Amna wayarta, na ce, "Karɓi. Amma gaba ki bari in gyara murya tukuna."