Hagun Doki

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai, muna zaune a Wudil, ba nisa da kogi. Maigidana yana da doki guda, ja. Ba na ado ba ne. Tun yana yaro ƙafarsa ɗaya ta shanye, don haka dokin nan shi ne ƙafarsa. Da shi yake zuwa gonarmu ta Ɗankaza, da shi yake zuwa kasuwa. Turkensa yana cikin gida kusa da rumbu, ni ce kuma mai jiƙa masa dusa da kanwa.

Da damina ta kankama sai wasu ƙuraje suka fito masa a ƙafar gaba, a jere kamar carbi. Su kumbura, su fashe, su yi ta zubar da mugunya. Maigida ya shafa man shanu, ya wanke da ruwan sassaƙe, ba sauƙi.

A lokacin akwai wani malamin dabbobi da ke zagaya ƙauyuka a kan keke yana duba dawaki. An ce likitocin da suka turo shi bincike suke yi, domin akwai ciwo biyu masu kama da juna, ido ba ya raba su. Ɗaya yana jin magani. Ɗayan ba shi da magani, har mutum yakan kama, kuma dokin da aka samu da shi harbe shi ake yi. Saboda haka da yawa suka riƙa ɓoye dawakinsu. Maigida bai ɓoye ba. Ya ce tunda akwai yara a gida, gara ya sani.

A ƙofar gida aka yi aikin, ni ban gani ba. Da ya shigo da dokin sai ya ce mini malamin ya ɗebi mugunyar a kan ɗan gilashi, za a duba da madubin likita. Ya kuma yi masa wata allura a fatar ido.

“Jibi zai dawo. In idon ya kumbura ya yi kwantsa, to mugun ne. In bai yi ba, an tsira. Ki lura da idon hagu, kada a taɓa shi.”

Bai gama rufe baki ba aka aiko da rasuwar kawunsa a Lajawa. Ya ari jakin maƙwabcinmu ya tafi, ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna.

Kashegari da hantsi na kai dusa, na tsaya a gaban dokin, na ɗaga hannuna na hagu na bi shi da kallo. Idon da ke wajen ya yi ja, ya ƙanƙance, hawaye na bin kuncinsa, ƙudaje sun taru. Na kira Inna a hankali don kada yara su ji. Ta zo ta duba, ta yi salati.

“Kawo ruwan ɗumi da kwalli,” in ji ta.

“Inna, ya ce kada a taɓa.”

“Wa ya ce? Mai keken? Shi zai riƙa goya mini ɗa zuwa gona?”

Ba a saba jin na yi mata musu ba. Ta shiga ɗaki da kanta ta fito da tandunta. Sai na tsinci kaina a tsakaninta da turke.

“Inna, ki yi haƙuri. In muka rufe, kuma ciwon ya kama yara fa?”

Ta harare ni. Sannan ta soke tandun a zanenta, ta ce, “An shiga ajin yaƙi da jahilci an zama likita.” Ranar ba ta ci tuwona ba.

Na hana yara zuwa wajen rumbu. Ina daka ina leƙawa, ina tankaɗe ina leƙawa. Duk leƙawar da zan yi sai in ga kamar idon ya ƙara rufewa. Shi kuwa dokin yana ta cin harawarsa, yana korar ƙuda da wutsiya, bai san abin da ake ciki ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda zan kalli maigida in gaya masa. Na yi ta tuna shi a kan jakin aro, ƙafarsa na reto.

Ran da aka sa, sai ga maigida da malamin tare, sun haɗu a hanya. Aka yi sallama, na shige ɗaki na tsaya bayan asabari. Inna kuwa ta fito, ko gaisuwar ba ta bari an gama ba.

“Malam, ga shi nan. Sai dai in za ku harbe shi, ku kai shi nesa, kada in ji.”

Malamin ya kama linzami, ya juya kan dokin, ya ɗaga fatar ɗaya idon, wanda ko sau ɗaya ban kula da shi ba.

“Inna, ai wannan garau yake.”

“Ba shi ba, na hagu!”

“Shi ne na hagun. Hagun doki, ba hagun mai kallonsa ba.”

Maigida ya fashe da dariya, rabonsa da ita tun fitowar ƙurajen. Malamin ya buɗe jan idon, ya sa ƙyalle mai tsabta ya zaro ɗan ƙaiƙayi. Ya ce abin da aka gani a madubi ma ya nuna mai jin magani ne. Ya ƙara da cewa da ya tarar da kwalli a fuskar dokin, da bai yarda da gwajin ba, sai a ware shi a sake sabo. Inna ta gyara zanenta. Ni kuwa na koma na zauna a bakin gado.

Jinyar ta daɗe. Malamin ya tsaga ƙurajen ya wanke da maganin aidin, ya bar mana wani farin gari a riƙa zubawa a ruwan sha. Sai bayan kaka maigida ya sake ɗaura sirdi. Tabon bai ɓace ba har dokin ya tsufa.

Da yammar ranar da aka duba idon, Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Ta miƙo akushi ta ce, “Likita, zuba mini ta wajen hagu. Hagun akushin fa, ba naki ba.”