Ɗiyar da Ban Kai Juji Ba

Uku na binne kafin ita, duk maza, duk kafin yaye. Na farin ya kai wata bakwai, na biyun ko arba'in bai gani ba, na ukun kuwa har ya fara miƙewa yana kama bakin turmi, zawo ya ɗauke shi cikin kwana biyu. Daga nan sunana ya ɓace a unguwa. In na wuce da tulu sai in ji ana cewa ƙasa-ƙasa, "Ga mai wabin can." Wabi shi ne mace ta yi ta haihuwa ƴaƴan suna komawa, kuma ba ciwon da ya kai shi cin rai.

Ni ƴar Jiratawa ce, maigidana mutumin wajen Tibiri ne, dukkanmu daga gidan arna muka fito. Zamanin Faransawa ne, bayan Gulbi ya cinye tsohon gari an mai da Maradi bisa tudu. Gini ya yi yawa, shi kuwa magini ne, sai muka tare a Sabon Gari. A nan ya karɓi Yesu. Ni da farko bin miji kawai na yi, ba zan ɓoye ba. Sai da na binne na ukun, matan ikilisiya suka zo suka zauna da ni kwana bakwai, suna yi mini daka suna ɗebo mini ruwa, ba wadda ta tambaye ni wane iska na saɓa wa. A cikin kwanakin nan ne na ba da gaskiya da kaina.

Ɗakin sujadarmu na laka ne, bai fi ɗaki biyu girma ba. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar kamiyo ne, wato babbar mota, an rataye ta a reshen bedi, wato dogon yaro, da igiyar kaba. Kullum igiyar sai ta ruɓe ta tsinke, ƙarfen ya faɗo tim, a sake ɗaurawa.

Da na haifi ta huɗun, mace, kwana uku sai ga surukata daga Tibiri bisa jaki. Ta shigo ɗaki, ko kallon jaririyar ba ta yi ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙarfe baƙi, kamar ƙaramin mari irin na bayi, ta ajiye a kan tabarma.

Ta ce, "Ƴar nan, gobe da hantsi za mu kai abin nan juji mu yar. Matar maƙeri za ta tsince ta. Wanzami ya tsaga mata kunne, a sa mata ƙarfen nan a ƙafa. Kada wanda ya yabe ta, kada wanda ya ce yana so. In mai ɗauka ya zo ya ga shara ce, sai ya wuce."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba za a kai ta ba. Mun miƙa ta ga Ubangiji."

"Wane Ubangiji? Ina yake sa'ad da kika binne uku?"

Kai! Maganar nan ta soke ni. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, har na ɗauko amsa, sai ta kama kunnen maigidana da ke tsugune a bakin ƙofa ta juyo da shi wajena.

"Dubi nan. Biyar na binne kafin wannan. Da ban yar da shi a juji ba, da wa kike aure yau?"

Tsagar tana nan a kunnensa, na san ta tun ranar da na fara ganinsa. Shi ne ya ce a hankali, "Inna, Allah ne ya raya ni, ba juji ba. Ɗiyar nan ba ta zuwa ko'ina." Tsohuwa ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ko furar da na sa aka dama mata ba ta taɓa ba. Ta hau jakinta ta tafi, amma ƙarfen ta bar shi a kan tabarma.

To, ga inda zan tona asirin kaina. Maigida ya ce in jefar da shi, na ce to. Ban jefar ba. Na tura shi can ƙasan tukunyar da nake ajiye daddawa. A baki ina cewa na dogara ga Allah, a zuci kuwa ina cewa, bari dai ya zauna, wa ya sani.

Yaye shekara biyu ne a wajenmu, ni kuwa ba ɗana ko ɗaya da ya taɓa kai wa can. In na hango tsawon shekara biyun nan sai in kasa cin abinci. Wata tsohuwa a ikilisiya, mai sai da kuka da kuɓewa a kasuwa, ta ga yadda nake ramewa. Ta ce, "Ke, wa ya aike ki ɗaukar shekara biyu a ka? Ba za ki iya ba. Ki roƙi ta yau, gobe ki sake roƙo." Shi ke nan na kama. Kowace safiya in na zuba ruwan wanka a ƙwarya, sai in ɗora hannu a kan yarinyar in ce, "Ya Yesu, ga ta yau. Taka ce kafin ta zama tawa." Da yamma in ce na gode. Dogarar shekara biyu ta fi ƙarfina, amma ta yini ɗaya ina iyawa.

Surukata kan biyo ta gidanmu ran kasuwa. Ta kawo kaɗanya ko ɗan wake, ta zauna ta ba yarinyar baya, ta ce, "Sharar nan tana nan?" Sai in ji kamar in fashe. Wata rana na ce, "Inna, a gidan nan kullum ana shara, ba mu da saura." Maigida ya harare ni, na shige ɗaki ina ƙunƙuni. Sai daga baya na lura, duk zuwan da take yi sai ta saci kallon ƙafar yarinyar, ta ga ko an sa ƙarfen. Tsoro ne ke cin tsohuwar nan, irin wanda ke ci na.

Yarinyar tana da shekara ɗaya da wata huɗu ƙyanda ta shigo Maradi. Bazara ce, zafi kamar a bakin murhu. Gida-gida ake fita da yara a tabarma. Maigida ba ya nan, kumandan Faransawa ya tura magina gina gada a kan hanya, tafiyar kwana biyu. Ƙyanda ta kama yarinyar. Kwana na uku idanunta suka manne, na huɗu ta ƙi nono. Na san wannan alamar, sau uku na gan ta.

Rana tsaka na sa hannu a tukunyar daddawa na zaro ƙarfen. Na saɓa yarinyar a kafaɗa, jikinta kamar garwashi, na fita ta ƙofar baya. Jujin unguwarmu bai fi taku ashirin daga dangarmu ba. Na je har bakinsa na tsaya. Ga toka, ga fasassun ƙore, ga kashin awaki, kaji suna ta tono. Abin da ya rage kawai in sunkuya in ajiye ta in ce ba na so.

Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ƙarya ce, kuma a gaban Allah zan yi ta. Wata goma sha shida ina ce masa tasa ce, yau kuma in kwantar da kayansa a cikin kashin awaki in kira ta shara? Sai wani abu ya taso mini tun daga ciki, na ɗaga kai sama na kwarma ihu, "Ina sonta! Ina son ɗiyata! Ya Yesu, ka ji, ina sonta! In za ka bar mini ita, na gode. In za ka ɗauka, daga hannuna za ka karɓa, ba daga juji ba!"

Mace ba ta faɗin haka a garinmu ko ɗanta lafiya lau yake, balle mai wabi. Maƙwabciyata mai fura, Musulma ce, ta fito da ludayi a hannu tana salati, ta ɗauka yarinyar ta cika. Da ta ga da rai sai ta ce, "Ke, tsayuwar mi kike yi? Kawo ta nan!" Ta goya ta da kanta, muka kama hanyar ɗakin magani na mishan, ni ina biye ina kuka ina addu'a, ƙarfen yana hannuna ban ma sani ba. Likita ya wanke mata ido, ya yi mata allura, ya ce a riƙa ɗiga mata ruwa da cokali. Ya ce nasa ke nan, saura na Allah.

Kwana uku muna ɗiga ruwa. Ran na huɗu da hantsi ina zaune da ita a cinya, sai na ji an ja mini riga. Ta lalubo nono ta kama, ta ja da ƙarfi har sai da na ce wash! Ban taɓa jin zafi mai daɗin wannan ba. Na yi guɗa a tsakar gida ni kaɗai kamar mahaukaciya.

Ba na cewa bangaskiyata ta fi ta kowa. A ƙyandar nan har cikin ikilisiyarmu an binne yara, na iyayen da suka fi ni addu'a nesa ba kusa ba. Ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Abin da na sani shi ne, tun a bakin jujin nan tsoron ya sake ni, kafin in san ko za ta tashi.

Saura ƙarfen. Na so in jefa shi Gulbi, sai na tuna mutanenmu, nan da nan za su ce mai wabi ta kai wa iskan ruwa sadaka shi ya sa ɗiyarta ta warke. Na ce ba da ni ba. Da maigida ya dawo na faɗa masa duk abin da na yi, har ɓoyon da na yi a tukunya. Sai ya ce, "Shi ya sa miyarmu ke ɗanɗanon ƙarfe." Muka kai wa maƙeri ya buɗe shi ya lanƙwasa, ya zama ƙugiya. Da ita aka rataye ƙararrawar ɗakin sujada, ba ta sake faɗowa ba.

Ranar da yarinyar ta cika shekara biyu aka aika Tibiri, don a al'adarmu kaka ce ke ɗaukar yaro ta yaye shi. Na shirya faɗa, na ce in ta kira mini ɗiya shara yau, kowa zai ji mu. Tsohuwa ta shigo ta tsaya. Yarinyar tana tsakar gida tana korar kaji da muciya. Ta dubi ƙafarta ba ƙarfe, ta dubi kunnenta ba tsaga. Sai ta durƙusa, abin da ban taɓa gani ba, ta kama fuskar yarinyar da hannu biyu tana kallo, hawaye na bin kumatunta.

Ta ce, "Ashe haka take da kyau. Shekara biyu ban yarda na kalle ta ba."

Ta ƙi hawa jaki. Ta goya ta, ta ɗaure zane tamau, muka raka ta har bakin kasuwa. Wata mai sai da gishiri ta ce, "Iya, wannan kuma ta wa ce?"

Surukata ta juya baya don matar ta gani da kyau, ta ɗaga murya yadda duk rumfunan za su ji.

"Jikata ce. Ina sonta. Duk mai ji ya ji."