Makirufo ta Taga

Jama'a, yau makirufo ya tono abin da muka yi wata uku muna nema!

Muna taron bidiyo da likita daga Abuja a asibitinmu na Anka, kan wata yarinyar ƙauyen Dareta da gubar dalma ta ƙi raguwa a jininta. Kakarta, Inna Hajo, tana da magana, amma ta ƙi shigowa. Wai surukinta, uban yarinyar, na zaune ciki!

Na'urar taron ba ta ɗauko murya daga waje. Likita ya ce a bari sai wani mako. Na ce wallahi yau za a ji ta!

Na jona makirufo na USB. Shiru. Na kashe na'urar na kunna, ya kama! Na zura shi ta taga har tabarmarta.

Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, mu ba mu ji komai ba. Sai muryar likita a lasifika: "Inna, kika ce har yanzu a tsakar gida uban yarinyar yake dakan dutsen zinariya mai dalma?"

Surukin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Gobe zan fitar da turmin."

Na ce, "Yau dai, Malam. Ga babur, mu tafi!"