Igiyar Malam Jimrau

In kun bi ta bayan kasuwar dabbobi da sassafe, za ku ga wani dattijo siriri yana share ƙofar gidansa. In ya gama sai ya zarce ta maƙwabci, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Malam Jimrau ke nan, ɗan mutanen Korahane. Shekara kusan talatin ya yi yana planto, wato masinja, a sashen koyon shari'a na jami'ar gwamnati a Yamai. Bara ya aje aiki ya dawo mana Dakoro, amma hannunsa bai ji labari ba.

Can ma haka yake. Da an sallame asuba shi ke buɗe amfi, wani zauren karatu mai benci hawa-hawa, wanda jikata Surayya ta ce zai haɗiye unguwarmu har da baƙinta. Ƴan shekarar farko kan yi cincirindo a ƙofa, don wanda ya makara sai ƙasa ko bakin taga. A nan suke koyon abin da suke kira durwa: dokar aure da gado, ta kasuwanci, ta mulkin ƙasa, da hukuncin masu laifi. Daga nan alƙalai ke fitowa, da aboka, masu tsaya wa mutum a gaban jastis, wato kotu. Jimrau ya goge allo, ya hura abin magana ya ji ko yana aiki, ya koma bakin ƙofa. Ran da aka liƙa sakamakon jarrabawa kuwa, yana tsaye kusa da allon da butar ruwa, saboda ba a rasa mai faɗuwa. Ɗalibai suka sa masa Baban Amfi.

Mu a nan mun san shi da wani abu daban. Duk wanda ɗansa ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, zai tafi karatun shari'a, sai ya ƙulla goro ya ba direban kar, motar da ke zuwa Yamai, ya ce a kai wa Jimrau, a ce masa ga amana. Shi kuwa yana tasha yana jira. Ni ma haka na yi shekarar da Surayya ta tafi, ko da yake ni ko wucewa ta ƙofar jastis ba na so.

Sai dai bawan Allah nan yana da abin da yake tsoro, kuma kowa ya sani. Ruwa. Jami'ar tana hayin kogi, sai an hau gada. Shekara da shekaru, in taksi ta hau gadar nan, Jimrau kan sunkuyar da kai yana kallon takalminsa yana salati har a sauka. Ɗalibai su ce masa, "Baba, ɗago ka ga dorina." Ya ce su gaishe ta. Abin mamaki, gidansu masu yasar rijiya ne, kuma kun san rijiyoyin ƙasarmu, in kana ƙasa ka ɗaga kai sama ba ta fi faifai ba. Tun yana saurayi ake zura shi ciki. In an tambaye shi, sai ya ce ruwan rijiya zaune yake wuri guda, an san gindinsa, shi ko na kogi tafiya yake, kuma bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Autana Elhaji Rashidu, uban Surayya, shi ya je ya kama mata ɗaki. Ya zaɓi wani gidan ƙasa a kwari, dab da kogi, ya dawo yana ta alfahari wai ɗiyarsa ta rabu da wahalar ruwa. Kada ku ga laifinsa. Mutumin da ya tashi yana ganin ana jan guga da sa, a wurinsa kusa da ruwa shi ne arziki. Jimrau ya ce shi wurin bai kwanta masa ba, aka yi dariya aka ce tsoronsa ne. Shi ma ya ce hala tsoron ne.

A shekararta ta biyu jarrabawa ta ja har cikin damina. Wata safiya ina tankaɗe, rediyo ya ce kogi ya cika ya karya shingen da ke tare shi, ruwa ya shiga unguwannin hayi. Rariyar ta suɓuce mini. Na sa aka kira mini Surayya. Ta ɗauka, ina jin wata ƙara a bayanta kamar ana zuba hatsi a rumbu. Ta ce ruwa ya hau gado, mutanen gidan duk sun fita, ita ta tsaya tattara littattafai. Sai ta ce, "Kaka, ƙofa ta ƙi buɗuwa." Daga nan wayar ta mutu.

Jama'a, a Dakoro ranar rana ce tas, ko ɗigo babu. Kaji na kiwonsu. Ina tsakar gida busasshe, jikata na nutsewa a wani gari, kuma ko zan sayar da raina ba ni da hannun da zai kai can. Ubanta yana hanyar Najeriya da lodin wake. Da ƙyar na tuna lambar wa zan sa a kira. Da ya ɗauka ban ko gaishe shi ba.

"Jimrau, amanata."

"Na ji, Yaya," in ji shi.

Abin da ya biyo baya Nafi'u ne ya ba ni, wani ɗalibi ɗan Sabon Maci da aka yi komai a gabansa. Ya ce Baba ya shiga ɗan ɗakinsa na bayan amfi ya kwanto igiyar shanya. Ashe igiyar rijiya ce ta gidansu, doguwa mai kauri, da ya tafi da ita tun zuwansa na fari. Ya tsaya ƙofar amfi ya ce yana son maza masu ƙarfi. Ɗalibai suka bi shi da gudu.

Sun tarar lungun ya zama rafi, ruwa ja wur yana tafe da tabarmi da tukwane da matattun kaji. Masu kwalekwale suna can wasu unguwanni, kowa na ihun nasa. Katangun ƙasa kuwa narkewa suke kamar sukari a koko, kana kallon gida sai ka ga ya durƙusa. Jimrau ya naɗa igiyar a gindin wani itacen bedi da ke kan tudu, ya ɗaura ɗaya bakin a jikinsa irin ɗaurin masu shiga rijiya, ta cinyoyi da hammata, ƙullin a ƙirji. Ya ce su riƙa saki a hankali, in ya girgiza su ja, kuma su ja da baya tare kamar yadda sa ke yi, ban da fizga. Nafi'u ya ce haƙoran Baba har ƙara suke. Sai Nafi'u ya ce masa ya bari shi ya shiga, tunda ya ɗan iya iyo.

"Ni aka aiko wa goro," in ji Jimrau.

Ya shiga. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sau da yawa yana ɓacewa su ga hula kawai, sa'annan kai ya ɓullo. Da ya isa, ya yi ta dukan ƙofar da kafaɗa har ta ɓalle. Surayya na tsaye bisa tebur, ruwa a cinyarta, littattafai cikin leda a kanta, ta ma daina kuka.

To a nan ne gadon gidansu ya kusa kashe shi. A rijiya, in ka sauka ɗauko wanda ya faɗa, kwance igiyar kake ka ɗaura masa, a fid da shi, kai ka jira a ƙasa a sake zuro maka. Haka ya gani tun yana yaro, haka ya yi. Ya kwance, ya ɗaura wa Surayya, ya girgiza. Suka janye ta har tudu. Shi kuwa ya kama ƙarfen taga yana jiran igiya ta dawo.

Ina za ta dawo? Nan ba sama da ƙasa ba ne. Suka jefa, ruwa ya tafi da ita. Suka sake, ya sake ɗaukewa. Katangar da yake riƙe da tagarta ta fara tsagewa, yana kallo, suna kallo. Nafi'u ya ce Baba bai kira kowa ba, idonsa a rufe, bakinsa na motsi. Surayya, da tun fitarta ta zare ɗaurin daga jikinta ba tare da ta kwance ƙullin ba, ita ce ta zura shi wa Nafi'u. Ya faɗa ruwan. Ya cafko Baba ta wuyan riga, aka ja su, ba su kai rabin lungun ba ɗakin ya zauna. Ko tagar ba a ƙara gani ba.

Ni duk ban san wannan ba. Ina zaune inda rariya ta faɗi, maƙwabta sun cika gidan, ba mai iya kallon idona. Wata har ta fara kawar da kayan tsakar gida, irin yadda ake yi in za a shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Sai bayan la'asar wata baƙuwar lamba ta shigo. Na kasa karɓa, aka kara mini a kunne. "Kaka, ni ce." Bayanta aka ba Jimrau, yana tari. Ya ce, "Yaya, ga amanarki. Littattafan ma ba su jiƙe sosai ba."

Jimrau, kai ne igiyar da ba ta tsinke ba. Kai ne ka shiga abin da ka fi tsoro a duniya saboda ɗiyar da ba kai ka haifa ba, kuma da igiyar ta zama ɗaya, ita ka ɗaura wa. Alƙalai nawa suka bi ta ƙofar da ka buɗe, ban sani ba ko suna tuna sunanka. Ni Hawa ina tunawa, kowace asuba. Surayya ta gama, tana koyon aikin aboka a Yamai, a ɗakin da ke kan tudu. Allah ya saka maka, ya jiƙan iyayen da suka koya maka ƙulli.

Har yau in na ji rediyo ya ambaci kogi sai in aje abin da nake yi in saurara. Ga shi bana ma yaranmu za su tafi, kuma wanda ke jiransu a tasha ya dawo gida. Ku mutanen Dakoro da ke zaune a birni, ƴan kasuwa da ma'aikata, da ku da kuka yi karatu a amfin nan, in direba ya miƙo muku goro ku karɓa, ku kuma san nauyin abin da kuka karɓa.

Shekaranjiya na kai wa Jimrau fura. An yi ruwa da safe, ɗan tafki ya kwanta a bakin hanya, wanda ko akuya za ta tsallake. Ina kallonsa ya naɗe wando, ya yi salati, ya kewaye shi ta can nesa.